Kunnen da ya yi nisa

Shekarun baya, lokacin da ɗiyata ta isa shiga jardan, ajin ƙananan yara na kafin firamare, gidanmu a Madarumfa ya koma filin atisaye. An haife ta da hannun dama a ƙanƙame, ba ya miƙewa sosai, ba ya riƙe abu. Komai da hagu take yi. Baki kuwa, ma sha Allah, nata ya ishi mutum uku.

Mahaifiyata, wadda yarinyar ta ci sunanta, ita ta fara ɗaga mini hankali. A zamaninmu kafin a ɗauki yaro lakwal, wato makarantar boko, sai ya ɗora hannun dama bisa kai ya kamo kunnen hagu. Wanda bai kamo ba, sai baɗi. Ta ce, "Takwarata ba ta kamawa. Maido muna ita gida za su yi." Ni da na yi boko har kwaleji, maimakon in taka in tambaya, sai na ce lalle Inna ta yi gaskiya.

Haka muka cinye damina guda. Kullum kafin in tafi lambu bakin tafki, Inna ta shafa mata man kaɗe, ni ina jan hannun a hankali ina cewa, "Saura kaɗan, Mamana." Hannu ya kai tsakiyar kai ya tsaya cak. Wata rana ta ce, "Baba, kunnen ne ya yi nisa." Na yi dariya, amma sai da na fita waje don kada ta ga idona. Tsorona ɗaya ne, sa'o'inta su riƙa wucewa da jakunkuna ita tana leƙe ta ƙofar gida.

Ranar rubuta suna muka tafi mu uku, Inna ta ƙi zama gida. Ko gaisuwa ba mu gama da malamar ba, yarinya ta ɗora hannu a ka tana ta nishi.

"Mi take yi haka?" in ji Madam.

Na yi bayani ina sosa ƙeya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Malam, an bar wanga tun tuni, takardar haihuwa muke dubawa." Abin da ta tambaya dabam ne: tana faɗi in za ta zagaya? Tana cin abinci da kanta? In yara sun ture ta, tana kawo ƙara?

Sai ta miƙa mata alli. Wannan kam ba mu koya mata ba, kuma kowa ya san abin da ke samun yaron da ya karɓi abu hannun babba da hagu. Yarinya ta miƙa hagun, ta tallabe shi da ɗan hannun daman nan, ta rusuna. "Na gode, Madam."

Madam ta dube ta, sannan ta ce, "Ku kawo ta Litinin. Da hannun da Allah ya hore mata za ta yi rubutu, wanda ya buge shi da ni zai yi." Ajiyar zuciyar da na yi, ina jin har garin Gabi an ji ta.

Idan na tuna, na kan ce mun ɓata damina muna shirya ta wa lakwal ɗin da mu muka yi, alhali ita ta riga ta shirya kanta wa tata. Inna dai ba ta saduda ba, cewa take da an ƙara mana wata guda da takwararta ta kamo. Yanzu yarinyar ita ke karanta mata takardar magani. Har yau hannun bai kai kunnen ba, kuma har yau ba wanda ya tambaya.