Ranar da Na So a Ce Mani Ina Aiki

A Tajaye ba a wuce mutum ba a ce mashi "Ina aiki?" ba, shi kuma ya ce "Da godiya." Ko tsohon da ke gyangyaɗi gindin itacen bedi haka ake gaishe shi. Ni kuwa gaisuwar nan ta zame mani ƙaya. Na gama lakwal, wato makarantar boko, a Konni, na dawo gida da takardu, shekaru suna ta wucewa ba buron da ya kira ni aiki. Ina noma tare da Baba, i, amma a garinmu wanda ya yi lakwal in ba ya ɗaukar albashi, zaman banza yake yi.

Baba ba ya rabuwa da radiyo. Duk sa'ad da aka ce yawan masu aiki a ƙasa ya ƙaru, sai ya rage murya ya dube ni, ya ce, "To malam, kana cikin waɗanda anka ƙirga?" Wasa yake yi, amma wallahi har cikin ƙashina nake jin shi. Inna kuwa ba ta tankawa. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗi, magana ma sai ta kama dole. Amma ita ce ta tsaya kai da fata a bar ni lakwal lokacin da tsarana suka fara tafiya cin rani, kuma ita mata ke yi wa habaici a bakin rijiya.

Bayan girbin wata shekara wani mai motocin jigilar siminti a Malbaza ya ɗauke ni in riƙa kula da lodi. Aka ba ni hular kwano da takalma masu nauyi. Kai, ranar kamar in tashi sama! Na yi mako ina aiki, ranar hutu na hau bayan kamyo, babbar motar kaya, sai gida, farar ƙurar siminti har cikin gira, kuma na ƙi wankewa da gangan. Abu ɗaya nake so: wani ya ce mani "Ina aiki?" in amsa da bakina cike.

Na sauka bakin hanya, na bi ta tsakiyar gari ina taka takalman nan da ƙarfi. Maƙeri ya ce, "Ina gajiya?" Liman ya ce, "Ina hanya?" Bafillatanar da ke kawo mana nono ta ce, "Ɗan lakwal, wa ya barbaɗe ka da gari haka?" Na zaga ta kasuwa, na koma ta gaban masallaci, ba wanda ya ambaci aiki. Raina ya ɓaci. Na tsaya wurin mai shayi, abokina tun muna yara, na ajiye hular a kan tebur da ƙarfi.

"Wai ku mutanen garin ga, gaisuwa ta ƙare maku ne? Ba mai tambayar mutum aiki?"

Ya dube ni, ya dubi hular, ya yi dariya har ya zauna. Sannan ya ce, "Ashe ba ka sani ba. Ai Innarka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tun bara waccan, ta roƙe mu don Allah mu bar yi maka wagga gaisuwa. Ta ce tana ganin yadda fuskarka ke yi."

Sai a lokacin na tuna lalle na daɗe ban ji gaisuwar ba. Matar da ke kunyar kiran sunana, ita ce ta je gaban maƙeri da liman a kaina.

Na shiga gida da gudu-gudu. Baba ya ga hular, ya kashe radiyo, ya ce, "Yau dai an ƙirga da mu." Inna tana bakin murhu tana tuƙa tuwo. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dubi takalman, ta dubi ƙurar da ke kaina, ta mai da ido kan tukunya. Muciya ta tsaya a hannunta.

A hankali ta ce, "Ina aiki?"

Na ajiye hular a gabanta. Na ce, "Da godiya, Inna."