Alamar Ɗebewa Guda Da Ta Hana Ta Zama Farfesa

Kafin masu shara su gama da barandar sashen lissafi, Dakta ta riga ta tsaya gaban allo, bakin mayafinta fari fat da alli. Mama Alli, haka mu ɗalibai muke ce mata. Ƙuruciyarta kaf ta ƙare a kan tambaya guda: me ya sa wata igiyar ruwa ke yin tafiya mai nisa a siririn mashigi ba tare da ta watse ba? Amsar da ta fitar ta kai sunan jami'ar inda motocin shugabanninta ba su taɓa zuwa ba.

Makon jiya ta yi ritaya. Tana Dakta ta shigo, tana Dakta ta fita, ba ta zama Farfesa ba. Wallahi abin na ci mini rai!

Ga yadda aka yi. Ana gab da zaman kwamitin ƙarin girma, tana cikin koyarwa sai ta tsaya cak. Ta gano a babbar maƙalarta, wadda tuni aka buga, ta sa alamar tarawa inda ta ɗebewa ta dace. Ba wanda ya lura, har masu tantancewa. Nan take ta aika wa shugaban sashe cewa za ta janye maƙalar.

Shugaban sashe ya turo ƙofa, ya rage murya. "Haba Dakta! Ki bari su zauna tukuna. Wa zai karanta? Ƙirgawa kawai suke yi."

"Ranka ya daɗe, ruwa zai karanta," in ji ta. "Akwai masu gina madatsa da lissafin nan."

Ranar ta janye maƙalar. Kwamiti ya ƙirga maƙalunta, ya ce ba su cika ba. Da ta gyara ta sake bugawa, aiki ya fi na farko ƙarfi, sai aka ce gurbi ya cike. Masu liƙa sunansu a gumin ɗalibai suka wuce ta fuu, ana yi musu tafi. Mijinta har yau yana tsokanarta: "Ke dai ɗan guntun layi ne ya kayar da ke." Sai ta ce, "Gara ni in faɗi da ruwa ya ci gari."

Mama Alli, ke ce kika zaɓi gaskiya ranar da ƙarya ke rabon kujera. Ke ce rijiya: kin ba da ruwa, guga ya hana. Mun gode, Mama, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma 'yan'uwana masu tasowa, in kun ga kuskurenku, ku riga kowa faɗa. Kwamiti kuwa, kunyar taku ce, ku riƙe abarku.