Kunnen Arzika na Hagu

Mu nan Jega bakin gulbi muke, kuma duk unguwarmu babu mai nutso kamar ɗana Arzika. In kwalekwale ya kihe da kaya, ko injin ban ruwa ya zame cikin gurbi, shi aka kira. Ya taɓa gaya min cewa in ya yi ƙasa sosai, ruwa na matse mai kunne kamar ana soka tsinke. Sai ya toshe hanci ya hura, kunnen ya saki, sannan ya ƙara gaba.

Ƙanwarshi Khairiyya, mai karatu jami'ar Aliero, ta taɓa nuna muna wata dabbar teku cikin waya, kai kamar na kare, jiki sumul, babu ganyen kunne ko kaɗan. Tac ce in ta nutse, ramin kunnen rufewa shike da kanshi, naman ciki ya cika da jini, ruwa bai iya matse shi. Nic ce Allah mai iko. Arzika yay yi dariya.

"Inna, mi ya sa ba ki haihe ni da irin wanga kunne ba?"

"Abin da Allah ya ba ni, shi na ba ka, marar kunya."

Ranin da ya wuce, injin maƙwabcinmu Malami ya hwaɗa gurbi mai zurfi, ga albasarshi ta fara ƙwai, rana na cin ta. Arzika na fama da mura. Ya san in da mura kunne bai saki, ni ma na sani. Malami bai roƙe shi ba, ya dai zo ya zauna ƙofar gidanmu yana kallon ƙasa, mutum mai 'ya'ya da yawa.

Nic ce ma Arzika ya bari har mura ta tahi. Yac ce albasa ba ta jira. Yay yi alwala, ya ɗauki igiya.

Ya nutsa ya ɗaure injin, mutane sunka ja, anka hiddo shi. Shi kuwa ya hito jini na zuba ga kunnen hagu. Asibiti sunka ce fatar ciki ta yage, ruwa mai zurfi ya ƙare gare shi.

Albasar Malami ta yi kyau. Kunnen bai dawo ba. Yanzu masallaci can ƙarshen sahu na hagu Arzika ka tsayawa, don karatun liman ya zo mai ta dama, kuma mutanen unguwa ba mai tsayawa wurin ko ya makara.