Jirage Sun Wuce Ina Cikin Ruwa

Karon farko da jiragen soja suka yi wasa a saman Argungu, ina ƙarƙashin ruwa. Ranar su ce, wato bikin kamun kifi, ranar da ake buɗe kogi kowa ya faɗa da homarsa da gorarsa. Na nutse ina lalubar wata ƙatuwar tarwaɗa a rami, sai na ji ruwan ya girgiza har cikin haƙorana. Ko da na ɗago, kowa baki buɗe yana kallon sama, ni kuwa ban tarar da komai ba sai hayaƙi kore da fari yana watsewa. Tarwaɗar ma ta tsere, na yi biyu babu.

Abokaina suka samu abin yi. Da an zauna hira sai wani ya ɗauko yadda jiragen suka jeru kamar shamuwa, yadda ɗaya ya kifa cikinsa sama, sannan ya juyo ya ce, "Af, na manta, kai lokacin kana gaisawa da kwaɗi." Ina dariya, amma abin yana cina sosai. Na yi wa kaina alkawari sai na gani da idona.

Shekaru suka ja, har na yi aure, sannan rediyo ta ce za su yi wasa a Birnin Kebbi. Ranar kuwa ta faɗa daidai da buɗe tafkin ƙauyenmu, kusa da Augie. A gidanmu ba a taɓa fashin fita su ba sai don ciwo ko rasuwa.

Baba yana ɗinkin homa ya ganni da rigar fita.

"Ina za ka?"

"Birnin Kabi, Baba. Kallon jirage."

"Ɗan masunci shi bar ruwa shi tai kallon hayaƙi? Mi za ka ba iyalinka, iska?"

Na durƙusa na ba shi haƙuri, amma ban cire rigar ba. Na hau bayan motar albasa, na isa ina wari, idona na hawaye.

Filin ya cika maƙil. Muka daɗe a rana, sai ƙarar ta taso daga yamma. Nan jikina ya ci amanata. Masunci in abu ya taso masa, numfashi yake riƙewa ya dulmiya kai, haka na yi a tsakiyar busasshen fili. Da na ɗago sun wuce. Haushi ya kama ni har na ciji yatsa.

Wani tsoho a gefena ya ce, "Suna dawowa, yaro."

Na sa hannu biyu na tallafe haɓata, na kafe kaina sama. Suka dawo ƙasa-ƙasa, fiffike kusa da fiffike, suka miƙe tsaye sannan suka watse kowa da zaren hayaƙinsa. Ɗaya ya kifa cikinsa sama, kamar yadda aka yi ta faɗa mini. Ko sau ɗaya ban ƙifta ba.

Na dawo bayan la'asar, kowane gida na ƙamshin kifi ban da ɗakina. Baba na zaune a zaure. Na durƙusa na gaishe shi, har na fara miƙewa sai ya ce:

"Da gaske suna juyawa ciki sama?"

"Da gaske, Baba."

Ya matsa ya ba ni gefen tabarma.

"Zamna ka hwaɗa min tun daga hwarko. Ni ma ban taɓa gani ba."