Rumbun da Na Gina ma Inna

Ni dai ban iya zama wuri ɗaya ba. Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye boko, na yi acaɓa a Ƙanƙara, na je Sabuwa koyon gyaran waya, ban daɗe ba na gudo. Amma kaka ba ta wuce ni. Da an fara karyar masara zan dawo gun kawuna a Daudawa, don in ya fidda zakka, buhu ɗaya cikin goma, ni ke ɗaurawa a babur in kai gida-gida.

Cikin masu samu akwai wata tsohuwa da muke ce ma Inna. Daga wani ƙauye ta wajen Sabuwa ta taso da jikokinta lokacin da zama ya gagara, wani bawan Allah ya ba ta ɗaki a bayan gidanshi. Duk shekara in na sauke mata buhu, ranar kasuwar 'Yankara sai ta aiko in zo in kai mata shi ta sayar, alhali lokacin masara ta fi arha. Damina na yin nisa kuma ka gan ta da kwano tana awo da tsada. Mutane suna ta cewa tsohuwar nan ba ta da dabara.

Wata kaka na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, ni na kawo, ni zan mayar? Ai gara kawu ya aika kasuwa kai tsaye, a huta da man babur."

Ta ce, "Kai ɗan nema, shigo ka gani."

Na leƙa. Ɗaki ɗaya, ga tukwane, ga yara, rufi na yoyo ta kusurwa. Ta nuna mani ramuka a gindin bango. "In na ajiye, ni da ɓeraye za mu raba zakkar kawunka, su kuwa ba su jiran a yi bisimillah."

Na ce ma kawu ya riƙe nata a rumbunshi, ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ya tambayi malamin unguwarmu. Malam ya ce zakkar gona ba a jinkirta ta, in ta fita ta zama tata, sai dai in ita ta ba kawu ajiya. Na kai mata maganar. Ta ce, "In riƙa sallama a ƙofar kawunka a kan abina? Ɗana, na gaji da tsayuwa a ƙofar mutane."

To, rumbu za a yi mata ke nan. Ban taɓa ginawa ba, amma na san zan iya. Ta ce ta ba ni zuwa kasuwa ta gaba da ta gabanta, in bai tashi ba za ta sayar, don ɓerayen har sun fara huda buhun.

Mai gidan da take zaune ya ba da kusurwa. Na jawo abokaina 'yan acaɓa, muka jera duwatsu, muka kwaɓa laka da ciyawa, muka ɗora a yini guda. Da safe ya sunkuya. Wani tsoho a majalisa ya ce, "Injiniya, wannan rumbu ne ko ruku'u yake yi?" Da ya gama dariya sai ya taso da sandarshi ya nuna mana: a ɗora kaɗan, a bari ya sha iska, gobe a ƙara. Wallahi wannan jiran ya fi kwaɓar lakar wuya a gare ni, amma na tsaya. Kawu ya ba da ciyawar jinka. Ana gobe kasuwa muka juye masarar ciki, Inna ta barbaɗa toka saboda ƙwari, muka rufe.

Da ruwan shuka ya sauka, ta ɗebi iri daga ciki ta shuka ɗan filin bayan gidan. Aka shiga marka, hatsi ya yi tsada, ita tana buɗe abinta tana ɗiba. Har sabuwar masara ta nuna, jikokinta ba su kwana da yunwa ba.