Jan Maɓalli da Rassan Sabara

Shekarun baya, ba da daɗewa ba bayan ƙasar nan ta koma tuƙi ta hannun dama, na mallaki motata ta farko. A lokacin ina aikin duba makarantu, mazaunina Gumel, zagayena kuwa ya haɗa da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Motar fara ce mai dogon baya, kuma ta zo da littafinta. Ni kuwa a makarantar mishan na yi karatu, a hannun malamin da yakan auna gefen shafi da rula kafin ya dubi abin da ka rubuta. Saboda haka ban taɓa sitiyari ba sai da na karanta littafin nan daga bango zuwa bango, har sau biyu. Na yanka ƙananan takardu, na rubuta aikin kowane maɓalli, na manna a ƙarƙashinsa. Da yamma nakan zauna cikinta a ƙofar gida, in rufe ido, in riƙa lalube: wannan na fitila, wannan na waifa, wannan na iska. Maƙwabta suna kallona, ni ko a jikina.

Akwai maɓalli ɗaya ja, mai alamar kusurwa uku. Idan aka danna shi, sigina ta dama da ta hagu, gaba da baya, sukan riƙa ƙiftawa tare. Littafin ya faɗa ƙarara cewa ba a kunna shi sai mota tana tsaye a wurin da take iya zama hatsari. Na ja wa wannan layi da jan biro.

Wannan maɓalli ya ƙara mini raini ga wata al'ada ta direbobin manyan motoci. Idan motarsu ta lalace, sukan karyo rassan itace su jera a kan hanya, nesa da bayan motar, don mai zuwa ya rage gudu. In sun gyara sai su tafi su bar rassan a nan. Ni a wurina ƙazanta ce da rashin tsari. Sau da yawa nakan tsaya in kwashe su in watsar, ina faɗa ni kaɗai. Matata, wadda 'yar manomi ce daga Sule Tankarkar kuma ba ta yi boko ba, ta sha jin wannan lacca. Takan ce, “To, Malam,” ta ci gaba da abin da take yi.

Ran wata Alhamis, tsakiyar damina, mahaifiyata ta zame a bakin rijiya ta karye a ƙugu. Likita ya ɗaure ta, ya ba ni takarda, ya ce aikin sai Kano, kuma kada mu jira gobe. Muka kwantar da kujerar baya, muka shimfiɗa katifa. Maza huɗu ne suka ɗauke ta a kan ƙyauren ɗaki suka zura ta ciki, kowane motsi sai ta cije leɓe. Matata ta zauna a gefenta tana riƙe da kanta. Bayan la'asar muka bar gari.

Duk wanda ya san wannan hanya ya san abin da Alhamis take nufi. Ranar kasuwar Maigatari ce, kuma da yamma manyan motoci maƙare da shanu sukan kwararo kudu, kowa yana son ya riga wani. Kwaltar kuwa siririya ce, mota biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ta sauke taya ƙasa.

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo daga gabas, gari ya rufe, ruwa ya kece. Waifa tana aiki iyakar ƙarfinta amma ban fi ganin tsawon igiyar guga ba. Tsoro ya kama ni, kada wani ya taho ta baya bai gan mu ba. Hannuna ya tafi da kansa, ba tare da na duba ba, ya danna jan maɓallin. Na san doka. Ni na ja mata layi. Amma na ce a raina yau dai lalura ce. Da fitilun nan suna ƙiftawa na cim ma wata gingimari cike da shanu, na yi hon, direban ya kauce mini, na wuce ta.

Kafin Gagarawa akwai wata kwana da ta zagaye tudun yashi, bayanta kuma wani ɗan kwari. Ruwa ya cika kwarin. Na shiga da sauri fiye da yadda ya kamata, ruwa ya yi tsalle ya rufe gilashi, muka haura kaɗan, sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Muka tsaya a tsakiyar kwalta, taku kaɗan bayan kwanar. Dama da hagu ramuka ne cike da ruwa.

Na murɗa makulli. Shiru. Na sake, na sake. Sai na kai hannu ga jan maɓallin, na tarar tuni a danne yake. Na ce wa kaina, to, madalla, yana aiki.

“Malam,” in ji matata, “motar shanun nan tana bayanmu.”

“Na sani.”

“A sa ganye.”

“Wannan ba motar katako ba ce. Ba kya jin fitila tana ƙiftawa? Aikinta ke nan.”

Na fita cikin ruwan, na sa kafaɗa na tura. Hawa ne, motar ba ta ko motsa ba, takalmina ne kawai ya zame. Na buɗe ƙofar baya da niyyar in ciro mahaifiyata. Ina kama katifar ta yi wani nishi wanda har yau ina jinsa, ta damƙe hannuna.

“Kai, bar ni,” ta ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kasancewata ɗan fari. “Ka ɗauki yarinyar nan ku koma gefe. Abin da Allah ya rubuta shi zai faru.”

“Inna, ba inda za ni.”

“Tun kana yaro ba ka jin magana.”

Na juya in ce wa matata ta kama mini ɗaya gefen, sai na ga ba ta nan. Can na hango ta ta zagaya kwanar da gudu, ba takalmi, ta ɗaure gyalenta a ƙugu. Ina jin kunyar faɗin abin da na ƙwala mata, amma zan faɗa: cewa na yi ta dawo, matar mai duba makarantu ba ta gudu a kan titi. Ko juyowa ba ta yi ba.

Na tsaya a bayan motar, ruwa yana dukana, jar wutar tana haska rigata tana ɗaukewa. Na lura kowane ƙiftawa ya fi na baya rauni, domin na gajiyar da batir da murɗa makulli. Sannan na ji motar shanun. Tun kafin kunne, ƙafafuna ne suka fara jin rurin injin ta cikin kwalta. Yana ƙaruwa, ba alamar sassautawa. Na duba mahaifiyata ta gilashi, idonta a rufe, leɓunanta suna motsi. Na duba kwanar. Matata tana wancan gefen tudun, inda ba na ganinta, kuma daga can motar take tahowa. Duk abin da na haddace a littafi ya bi ta kaina, shafi bayan shafi, babu ko ɗaya da ya gaya mini inda zan tsaya.

Sai rurin ya sauya. Na ji an sauke giya, an kuma saukewa, birki ya yi wani dogon kuka, shanu suka ɗauki ihu suna buga katako. Gingimarin ta leƙo daga kwanar tana jan taya, ta ratsa ruwan kwarin, tana tafe tana tafe, har ta tsaya. Na miƙa hannu, ban ko taka ba, na taɓa ƙarfen gabanta. Da zafi.

Direban ya sauko. Dattijo ne, daga maganarsa na gane Badamagare ne. Ya dube ni, ya dubi fitiluna, ya leƙa ya ga tsohuwa kwance. Ya yi salati a hankali.

“Mushe,” ya ce, yadda suke kiran malamin boko a can, “wa ya sa ganyen nan?”

“Iyalina.”

“Allah ya yi mata albarka. Wuri uku ta sa. Na farko na ce tsoho ne, na biyu na ga ɗanye ne, na uku na taka birki.”

Girman kai bai bar ni ba ko a lokacin. Na ce, “Ai ga fitila na kunna. Ta saman tudun nan ana hango ta.”

“Na hango ta mana. Tun daga bayan Gumel nake hango ta. Ba da ita ka wuce ni ba, kana gudu kamar an koro ka? To yaya zan san yanzu tsaye kake? Ni na ɗauka tafiyarka kake yi.”

A tsawon aikina na tsayar da malamai da yawa a gaban allo, ban san yadda suke ji ba sai ranar.

Matata ta iso a jiƙe, tafukan hannunta duk sun yayyage, domin da hannu ta karyo rassan sabara. Ba ta dube ni ba, ta shige wurin mahaifiyata ta gyara mata matashi. Direban ya buɗe injin motata, ya goge abin da ya jiƙe da gefen rawaninsa, fataken shanun da ke tare da shi suka tura mu, motar ta tashi. Kafin in ja, na kashe jan maɓallin. Direban da kansa ya koma don ya kwashe rassan daga hanya, ina kallonsa ta madubi har ya sha kwanar.

Mun isa Kano, an yi aikin, kuma mahaifiyata ta ƙara shekaru masu yawa tana tafiya da sanda.

Abin da ya daɗe yana damuna ba wai na jahilci dokar ba ne. Na san ta fiye da kowa a kan wannan hanya, kuma ni ne na karya ta da tsoro ya zo. Fitilar nan magana ɗaya gare ta: na tsaya. Na sa ta faɗi haka ina gudu, da na tsaya da gaske babu wanda ya gaskata ta. Shi ya sa har yau, idan ruwa ya sauko na ga motoci suna tafe suna ƙifta sigina biyu, gabana yakan faɗi. Jikana yana da mota wadda kusan komai nata a jikin gilashi ake shafawa, sai ka ɗauke ido daga hanya kafin ka sami abin da kake nema. Ba na sonta. Amma na lura jan maɓallin nan shi kaɗai suka bari a yadda yake, kuma na gaya masa kada hannunsa ya kai can muddin taya tana juyawa.

Matata kuwa, ban taɓa ba ta haƙuri da baki ba. Ba a koya mini yadda ake yi ba. Abin da na yi shi ne, mako guda bayan dawowarmu na je kasuwa na sayo ƙaramar adda, na naɗe ta a tsumma, na ajiye ƙarƙashin kujerata. Wata rana tana share motar ta ciro ta. Ta jujjuya ta, ta dubi takardun da na manna a ƙarƙashin maɓallai, sannan ta dube ni.

“Malam,” ta ce, “ita ba za ka rubuta mata aikinta ba?”

Na shiga ɗaki na ɗauko almakashi da jan biro.