Gefe Ɗaya na Gwaji

Yayata ta fi shekara ashirin a tsaye bayan kantar kayan kwalliya, a wani babban kanti mai hawa biyu. Ni direban tasi ne, kuma autan gidanmu, don haka kai ta aiki da ɗauko ta a wuyana yake. Ba ta taɓa biyana ba. In na yi ƙorafi sai ta ce ita ta goya ni, kuma ba ta ce in kawo kuɗin mota ba.

Albashinta ba abin a zo a gani ba ne. Tun da mijinta ya rasu, kamasho ne ke riƙe da gidan: haya, da karatun 'yarta da ke shekarar ƙarshe a jami'a. Man hana tamoji ne ke kawo kamashon, kuma Yaya na da hanyar sayar da shi. Ba ta cika mace da surutu. Za ta kama mata hannu ɗaya ta shafa, ta bar ɗayan, sannan ta jera su ƙarƙashin fitila ta ce ta duba da idonta. Dokarta ke nan a kanti da gida, ba a sayen abin da ba a gwada a gefe ɗaya ba.

Sai fuska ta fara ba ta kunya. Kumatu suka sauko, layu biyu suka taso daga hanci suka nufi haɓa kamar an aike su. Wata rana wata mata ta dubi kwalbar man, ta dubi Yaya, ta ce, "Anti, ke ma shi kike shafawa?" Ta ajiye kwalbar a hankali ta wuce. A makon kuma sabon manaja ya sanar cewa ƙarshen wata zai sake rabon wurare. Bai ce kowa ya tsufa ba, mai ladabi ne, cewa ya yi kantar na bukatar sabuwar fuska, sito kuma na bukatar mai gogewa. A sito babu kamasho, sai kwalaye.

Ranar da yamma ta juyo madubin motata, ta sa yatsu ta ja kumatunta zuwa kunne, ta tambaye ni yaya na gani. Na ce ya yi kyau, amma in ta riƙe haka da wane hannu za ta ba da canji? Ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe in kai ta asibitin gyaran fuska.

Likitan ya shimfiɗa mata hanya biyu. Akwai tiyata, a ja fatar a ɗinke a bayan kunne, ta yi shekaru tana morewa. Kuɗin kuwa ko na sayar da motata har da safayar taya ba za su kai ba, ga makonni a gida da bandeji. Akwai kuma allurar ciko, a cika kumatun a zama ɗaya, kuɗin kamar albashinta na wata biyu, amma jiki na shanye ta, kafin shekara ta zagayo sai a koma a sake biya.

A hanya ta auna su ta sake aunawa, ni ina kauce wa ramuka. Ta ce in aka haɗa shekaru allurar ta fi tiyatar tsada, ba sai an faɗa mata ba, ita ma da kwalbar da ke ƙarewa take cin abinci. Amma kuɗin tiyata babu su, kuma duk wadda ta bar kantarta na makonni, in ta dawo jakar wata za ta tarar a ƙasan teburin. Allurar dai. Sai ta koma ta roƙi likitan ya yi mata gefe ɗaya tukuna, ta gani. Ya ƙi, ya ce fuska ba bayan hannu ba ce. Yaya ta fito tana cewa duk mai kayan da ke tsoron gwaji akwai abin da yake ɓoyewa. Na ce mata wannan karon mai kayan ya fi ta gaskiya, ta ce in yi tuƙina.

Ta samo wata mata a saman wani shagon magani, wadda ta yarda. Aka cika kuncin dama.

Kuma ya yi aiki, abin takaicin ke nan. Da kumburin ya faɗa, gefen dama ya koma Yayar da na sani ina makaranta, na hagu kuma ya ƙara tsufa don kishi. Kallo ɗaya za ka ga ita da mahaifiyarmu a fuska guda. Ta ruga a cika ɗayan, matar ta ce wancan farashin na gwaji ne, wannan cikakke za a biya, kuma ba ta ba da bashi.

Kwanaki Yaya na aiki a karkace. Ta matsar da madubin kantar, ta juya kujera, duk mai sayayya ta dama take tarbarta, wuyanta har ya ƙage. Manaja kuwa ta hagu ya ɓullo. Ya tsaya, ya zagaya, ya sake zagayowa, sannan cikin tausayi ya ce ta huta a sito har fuskar ta daidaita.

Ta sayar da firjinta da 'yan kunnen da take ajiye wa 'yarta, aka cika na hagu. Wallahi ta yi kyau. Ni da kaina sai da na buɗe mata ƙofar mota. Ta shiga kantin da saurinta, ta tarar an riga an sa wata yarinya a kantar. Manaja ya yaba fuskar ƙwarai, ya ce rabon bana ya riga ya wuce, ta yi haƙuri, baɗi za a duba.

Baɗi ke nan, lokacin da likita ya ce jiki zai gama shanye allurar. Kuɗin zangon ƙarshe na 'yarta kuwa ba baɗi za su jira ba. Na ce zan riƙa ba ta abin da na samu a ƙarshen mako. Ta ce ta gode, amma ta san abin da nake samu, ko mai ba ya isa.

"Auta, ka san abin da ke cina?" ta ce. "Kullum allurar nan raguwa take yi. Na biya ta da firjina, kuma kwalaye ne kawai ke kallonta."



Yanzu ta hana ni sauke ta a ƙofar baya inda ma'aikata ke shiga. A babbar ƙofa take sauka, ta gyara tsayuwa, ta ratsa kantin gaba ɗaya, ta bi ta gaban ofishin manaja mai gilashi a hankali, fuska a ɗage, kafin ta gangara sito. Ni kuma ina tsayawa a inda aka hana tsayawa, ina leƙe, masu motoci na danna min hon. Yau ma manaja yana kan waya, bai ɗago ba.